An ce gwajin jinina lafiya ƙalau, to me ke juya ni duk wata?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son yin maganar nan, kunya ke hana ni. Shekarata 31, 'ya'yana uku. Duk wata idan ya rage kwana tara ko goma in ga al'adata, sai in zama wata daban. Gabana ya yi ta faɗuwa ba gaira ba dalili. Ƙarar cokali a faranti ma ji nake kamar a tsakar kaina ake bugawa. Yaro ya zubar da ruwa in rufe shi da faɗa, in shige ɗaki in yi ta kuka. Dare ya yi barci ya gagara, sai saƙe-saƙe: maigida zai ƙaro aure, Innata za ta mutu, ni ba uwar kirki ba ce. Ranar da jini ya zo, ko washegari, sai komai ya yaye kamar an ɗauke hadari.

Watan jiya har takardata na nema a kan kuɗin cefane. Bayan kwana uku na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na ce masa ina zargin matsalar homon ce, wato sinadaran jiki, ya kai ni aka ɗebi jini. Sakamako ya fito an ce komai daidai. Muna cikin mota ya ce, "To kin gani, ba ciwo ba ne, hali ne." Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji har yau. Don Allah akwai mai irin wannan? Ko da gaske halina ne ya ɓaci?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar labarina kike bayarwa, sai dai nawa bai kai naki ba. Ni kwana biyu ne zuwa uku, ƙirji ya yi nauyi, raina ya riƙa ɓaci da wuri, shi ke nan. Allah ya yaye miki 'yar uwa.

Hajiya Kaka:
'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu ma mun yi haila shekara talatin da ɗoriya, ba mu taɓa neman saki saboda ita ba. Ku yaran yanzu komai sai kun nemo masa sunan Turanci. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki rage riƙe waya da daddare, ki iya bakinki a gaban mijinki. Mace sai da haƙuri.

Amaryar Bana:
Anti ki gwada ruƙiya. Wata maƙociyarmu haka take yi, aka ce iska ce ke taɓa ta idan ba ta da tsarki.

Anti Likita:
Ummu Sadik, sannu. Bari in fara da gwajin, tunda shi ne ya fi ƙona miki rai. Sakamakon nan bai ƙaryata ki ba. Da a ce an tambaye ni kafin a ɗebi jinin, da na ce daidai zai fito, domin mafi yawan mata masu irin abin da kika bayyana homon ɗinsu daidai yake da na kowa.

Ga yadda abin yake. Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da manyan sinadarai biyu, istrojin da furojestaron. A farkon wata, bayan an yi wanka, istrojin ke hawa har ƙwai ya fito. Ƙwai yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Daga nan furojestaron ya hau, ya kai ƙololuwa bayan kamar mako guda, idan ciki bai shiga ba su biyun su faɗo tare, jini ya biyo baya. Sinadaran nan ba a mahaifa kaɗai suke aiki ba, suna shiga ƙwaƙwalwa. Istrojin yana da hannu a yadda serotonin ke aiki, wato sinadarin da ke da alaƙa da walwala da barci da cin abinci. Shi kuma furojestaron jiki yana juya shi ya zama wani abu mai suna alofuregnanolon, wanda ke taɓa tsarin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki idan ta ɗauki zafi. A wurin yawancin mata birkin yana bin hawa da saukar nan salin-alin. A wurin wasu kuwa, da zarar ma'aunin ya motsa sai birkin ya ƙi kamawa, abin da ya kamata ya kwantar da hankali ya koma yana tayar da shi.

An tabbatar da wannan a Amurka, a wani bincike da Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu suka wallafa a 1998. Sun ba mata allurar da ke dakatar da aikin ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya. Da yawa cikin masu wannan matsala suka samu sauƙi. Sai aka mayar musu da istrojin ko furojestaron daidai gwargwadon da jiki ke yi, damuwar ta dawo. Matan da dama ba su da matsalar, an yi musu abu ɗaya, ba abin da ya same su. Sinadari ɗaya, awo ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ta bambanta wurin karɓa. To ta yaya gwajin jini zai nuna wannan?

Mai tsananin irin naki sunansa PMDD a taƙaice, wato ciwon damuwar kafin al'ada. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa shi a kundin cututtukansu a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a nata sabon kundin. Yana kama kamar mata 2 zuwa 5 cikin 100. Abin da Maman Husna ta faɗa shi ne mai sauƙin, wanda mata da yawa ke ji. Ban ce shi ke damunki ba, don ba a gane ciwo ta waya. Amma labarinki ya yi kama da shi ƙwarai.

Ummu Sadik:
Anti Likita, ina karantawa hawaye na zuba. To idan jini ba ya nunawa, da me ake ganewa?

Anti Likita:
Da takarda da biro. Ki samu littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta kwanan wata, ki ba kanki maki daga 1 zuwa 6 a kan faɗuwar gaba, fushi, ƙunci, barci, da ko kin iya ayyukanki. Ki sa alama a ranakun jini. Har ranakun da kike lafiya ki rubuta, su ne ma suka fi muhimmanci. Sai an cika wata biyu a jere. Idan makin yana hawa bayan tsakiyar wata, ya faɗi da zuwan jini, a samu aƙalla mako guda garau bayan wanka, to zancen ya fito. Idan kuwa kullum a sama yake, kusa da al'ada ne kawai yake ƙaruwa, wani ciwon ne a ƙasa, kamar ciwon damuwa, kuma maganinsu ba lallai ya zama ɗaya ba.

Tambaya ɗaya kuma, kada ki ji nauyina. A waɗannan kwanakin kin taɓa jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da kanki?

Ummu Sadik:
Sau biyu na taɓa jin da ma in kwanta kada in tashi. Ban taɓa yunƙurin komai ba, ina tsoron Allah. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Anti Likita:
Na gode da kika faɗa. To kada ki jira wata biyun nan kafin ki ga likita, ki fara rubutun kuma ki je a makon nan. Ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi a gida. Idan tunanin ya dawo da ƙarfi, ko ya fara zuwa da yadda za a yi, a ranar za a kai ki asibiti, ko da tsakar dare ne.

Malama Ummu Aiman:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina so in ɗan ce wani abu a kan maganarki. Azkar gaskiya ne, ba mai jayayya. Amma mu tuna lokacin da al'ada ta zo wa Nana A'isha a hanyar Hajji, Manzon Allah (SAW) ya same ta tana kuka. Bai yi mata faɗa ba, lallashinta ya yi, ya ce abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Na san kukanta na tsoron rasa aikin Hajji ne, ba zan ɗora masa abin da ba shi ba. Abin da nake nunawa shi ne yadda aka tarbi mace mai kuka a wannan hali. Kuma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya ce mu nemi magani. Amaryar Bana, ruƙiya ta shari'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da nake tsoro shi ne masu rufe mace a ɗaki da hayaƙi da duka wai suna fitar da aljani.

Maman 'Yan Biyu:
Ni a jego nawa ya same ni. Kwana uku da haihuwar tagwaye na fara kuka, aka ce ai kowa na yi. Aka yi suna, gida cike, ana ta shewa, ni kuwa kamar an sa gilashi tsakanina da mutane. Na yi arba'in a gidanmu, na koma ɗakina, abin sai gaba yake. Ina ba su nono ina kallon bango. Da daddare in tashi sau goma in taɓa ƙirjinsu ko suna numfashi. Wa zan gaya wa ba na jin daɗin 'ya'yan da na shekara shida ina roƙon Allah ya ba ni? Cewa za a yi butulci ne. Sai da suka kai wata biyar, wata nas a wurin rigakafi ta kalle ni ta ce, "Ke fa, yaya kike?" Na fashe da kuka a gaban layi.

Sista Ungozoma:
Maman 'Yan Biyu, Allah ya saka wa nas ɗin nan. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi kenan, amma layi ya yi tsawo, sai mu auna jariri mu manta da mai goyon.

Abin da ke faruwa a jego ya fi na wata-wata girma. Lokacin ciki mabiyiya ce ke zuba sinadaran nan, su ninka abin da aka saba sau da yawa. Ana haihuwa, mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki su ruguzo ƙasa. Shi ya sa fiye da rabin masu jego kan yi ɗan kuka da saurin ɓacin rai daga kwana na biyu ko na uku. Wannan yana wucewa da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce mako biyu, ko ya hana ta ci da barci da kula da jariri, ya zama ciwon damuwar bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya na samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar kenan. Ku ƙirga masu jegon da kuka je wa barka bana.

Akwai na uku, ba shi da yawa, kamar haihuwa 1 ko 2 cikin 1000, amma shi ne na gaggawa. Yakan zo a makonni biyun farko: ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa surutai, ta ji muryoyi, ta ce jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi. Shi ne wanda aka fi cewa iska ce ko an yi mata sammu, a yi ta yawo da ita. Ranar da aka ga haka asibiti za a nufa, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Ana warkewa.

Sai kuma wani jan kunne da ya shafe mu musamman. Ba duk bugun zuciyar mai jego ne fargaba ba. A Arewa muna da ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Idan ƙafa ta kumbura, numfashi na sarƙewa in ta kwanta, tana tari da dare, zuciya za a duba.

'Yar Gwagwarmaya:
Ni fa akwai abin da ke damuna da wannan hirar. Na yarda da ilimin, amma ina tsoron mu miƙa wa maza sanda. Gobe mace ta yi ƙorafi na gaskiya, a ce "rabu da ita, homon ne." Matar da ke tashi ƙarfe huɗu, ta yi wanki, ta yi girki, ga goyo ga ciki, ga kuɗin cefane da ba ya isa, ga dangin miji, ga zancen kishiya, idan ta fashe sai a ce sinadari? Ummu Sadik, ki gafarce ni, kuɗin cefanen da kuka yi faɗa a kai yana isa?

Ummu Sadik:
Gaskiya ba ya isa. Amma sauran kwanakin ina iya zama mu yi maganar cikin hankali. A waɗannan kwanakin ne nake jin kamar duniya ta tashi.

Anti Likita:
'Yar Gwagwarmaya, ban ƙi ta taki ba ko kaɗan, kuma amsar Ummu Sadik ta raba gardamar. Matsalar cefane gaskiya ce ranar 5 ga wata, gaskiya ce ranar 25. Abin da ke canjawa shi ne ƙarfin ɗaukarta. A jego ma, cikin abubuwan da aka fi sani suna jawo damuwa akwai rashin mai taimako, duka ko cin mutunci a gidan aure, talauci, rashin barci, da taɓa yin ciwon a baya. Homon ba ya aiki a fili fetal, a cikin rayuwar mace yake aiki. Wani ƙaramin bincike na shekarar 2000 ya nuna ɓangaren jikin: an ɗaga wa mata 16 sinadaran nan kamar na ciki, sannan aka janye kamar an haihu. Cikin 8 da suka taɓa damuwar jego, 5 suka sake jin alamun. Cikin 8 da ba su taɓa ba, ko ɗaya. Don haka duk namijin da ya ce "homon ne" don ya toshe bakin matarsa bai fahimci zancen ba. In homon ne, nauyin da ke kansa ƙaruwa ya yi.

Maman Husna:
Anti, allurar wata uku fa? Ƙanwata tun da ta fara ta zama shiru-shiru, ba ta son shiga mutane.

Anti Likita:
Yana faruwa ga wasu. Wani babban bincike a Denmak a 2016, da ya bi mata fiye da miliyan ɗaya, ya ga masu amfani da hanyoyin tazara na homon sun ɗan fi sauran fara shan maganin damuwa, musamman 'yan mata masu ƙananan shekaru. Bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba, kuma mafi yawan mata ba sa jin komai, wasu ma wata ƙwayar ce ke yi musu maganin damuwar kafin al'ada. Ƙanwarki ta koma inda aka yi mata ta faɗa musu, akwai robar mahaifa marar homon. Kada dai ta bari kawai ba shiri, ciki ya zo mata tana cikin wannan hali.

Hajiya Kaka:
Na karanta duka, jikata ce ke taya ni. Malama, na ji maganarki. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu. Lokacin da al'ada ta fara yi mini wasa, ina da kamar 47, na yi shekara biyu ba na barcin kirki. Zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf da gumi cikin sanyin hunturu. Gabana ya riƙa faɗuwa in an buga ƙofa. Na zargi abokiyar zamana da yi mini asiri, muka yi shekara ba ma ga-maciji, baiwar Allah nan ta rasu ban nemi gafararta a kan wannan ba. Likita, shi ma wannan ɗin ne?

Anti Likita:
Mama, Allah ya jiƙanta, ya sa kin yi ta yi mata addu'a. Alamun da kika lissafa su ne na gab da ɗaukewar al'ada, wadda kan zo wa yawancin mata tsakanin 45 da 55. A shekarun nan istrojin ba sauka yake a hankali ba, hawa da faɗuwa yake ba tsari, kuma lokaci ne da damuwa da fargaba ke ƙaruwa, balle ga wadda ta taɓa yi a jego ko kafin al'ada. Gumin dare ya hana barci, rashin barci ya ƙara dagula zuciya. Ba wanda ya gaya muku a lokacin, da me za ku fassara shi?

Hajiya Kaka:
Allah sarki. Ummu Sadik 'yata, ki je asibitin. Azkar ɗin ma kada ki bari.

Amaryar Bana:
To wai akwai magani ne, ko sai dai haƙuri? Kuma ba asibitin mahaukata za a tura mutum ba?

Sista Ungozoma:
Ƙanwata, kalmar nan ce ke hana mata zuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, yawancin masu zuwa a ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma gida su ɗora tukunya. Ana iya farawa ma daga likitan mata ko babban asibiti mafi kusa.

Anti Likita:
Akwai magani. Ga mai sauƙi, motsa jiki, gyara barci da rage shayi mai ƙarfi da kofi a kwanakin suna taimakawa. Ga mai tsanani akwai magungunan da ke aiki a kan serotonin, irin su fluoxetine da sertraline. Abin mamaki, a ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, amma a na kafin al'ada cikin kwanaki ake ganin canji, har wasu a rabin wata na biyu kawai suke sha. Akwai zama da masanin halayya, wanda ke koya wa mutum yadda zai kama tunanin kafin ya tafi da shi. Mai shayarwa ma akwai wanda ya dace da ita, ba sai ta yaye ba. A Amurka an amince da wata ƙwaya ta damuwar jego a 2023, zuranolone, ta kwana 14, wadda aka ƙera a kan wancan sinadarin birkin da na ambata. Amma don Allah kada wadda ta je kemis ta sayi ko ɗaya da kanta. Likita zai fara duba ƙarancin jini da tayirod, halittar gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don su ma suna kawo kasala da bugun zuciya. Kuma akwai masu wani ciwon daban da waɗannan magunguna ke iya birkita su.

Ummu Sadik:
'Yan uwa na dawo, yau kwana 58 da fara rubutu. Na ga likita tun a makon farko kamar yadda Anti ta ce, an duba jinina an ce ya ɗan yi ƙasa, ina shan maganin ƙarin jini. Yayata na gaya wa, ita ke kirana kullum in kwanakin sun zo. Littafin kuwa, wata biyun duka maki na 1 da 2 ne har zuwa rana ta 17 ko 18, daga nan 5 da 6, rana ta biyu da zuwan jini ya koma 1. Jiya na ajiye wa maigida a kan darduma bayan isha'i. Ya daɗe yana juya shafukan. Bai ce ya janye maganar hali ba, ni ma ban tayar ba. Ya dai tambaye ni yaushe za mu koma, na ce Talata.

Anti Likita:
Madalla. Ki tafi da littafin kansa, ba hotonsa a waya ba, don likita ya jera watannin biyu gefe da gefe. Ki haɗa da duk abin da kike sha, har na gargajiya da kayan mata. Maganar "da ma kada in tashi" ma ki sake faɗa masa da bakinki, ko da wannan karon ba ta zo ba. In maigidan zai yarda ya shiga ɗakin likitan tare da ke, ya shiga.